Karen Kwatano da Ya Fi Ɗana Nauyi

Tun da na dawo daga Kwatano matan zumunta ba su bar ni na huta ba. A coci tambaya, a bakin famfo tambaya, har a wurin gaisuwar mutuwa sai wata ta matso ta ce, "Maman Ishaya, wai da gaske ne a can kare ma yana da likitansa?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na kira Rifkatu, sakatariyarmu, na ce ta zo da biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na gaya mata kada ta ƙara, kada ta rage. Duk wadda ta sake tambayata, Rifkatu za ta karanta mata.

Ba yawo na je ba. Ɗana Ishaya na je ɗaukowa. Shi kaɗai ne namiji cikin waɗanda suka rayu mini. Ya daɗe a Kwatano yana tuƙa motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa, ya auri 'yar can, Odet, yarinya mai fara'a. Sau ɗaya ya kawo ta Zuru, ta ci tuwon dawa tana dariya, hawayen yaji na zuba. Allah bai ba su haihuwa ba. Da daminar bara ciwo ya ɗauke ta. Daga nan maganar Ishaya a waya ta fara gajarta. "Lafiya lau, Mama." "Ka ci abinci?" "Na ci." Ni na haifi yaron nan. Na san muryarsa in ya ƙoshi, na san ta in babu komai a cikinsa. Na ce ya dawo gida, ga gonar ubansa a hanyar Manga ciyawa na cinye ta. Ya ce ba zai iya ba, wa zai bar wa Gasto? Na ce wane ne Gasto, yaron gida ne? Ya ce a'a, kare ne, na Odet.

Kare! Ni za a gaya wa kare? Gidan maharba aka kai ni aure. Karnukanmu na Zuru kun san su, siraran ciki, dogayen ƙafa, haƙarƙari a waje ko sun ƙoshi. Mace tana iya saɓa guda a hammata ta tsallaka rafi da shi. Marigayi Bawa, mijina, tun yana golmo, yana noma gonar babana don a ba shi ni, baƙin karensa na kwance a gindin ɗorawa har a tashi. Duk baƙin karen da ya yi a rayuwarsa Duna yake sa masa. In kaka ta yi aka kwashe amfani, sai ku ji ƙaho daga kan dutse, maza su fito da kulake, karnuka na rawar jiki. Da yamma a dawo da zomo da gafiya da burgu, wani lokaci har gada, unguwa ta ɗauki ƙaurin babbaka. Yanzu wa ke shiga dajin nan? Ƙahon ma ban san hannun da ya faɗa ba.

Sai na ce a raina, in kare ne ya riƙe shi, abin mai sauƙi ne, a sa shi ƙarƙashin kujera kamar ɗan akuya a taho. Na buɗe akwatin marigayi na ɗauko abin wuyan Duna na ƙarshe, na fata, mai 'yar ƙararrawa. Na niƙa dawa rabin buhu, na ƙulla daddawa da kuka da yaji. Maman Chidi, 'yar Ibon nan mai gwanjo a kasuwa, dama tana zuwa Kwatano saro kaya, ta ce mu tafi tare. "Mama, ke dai ki riƙe jakarki, magana ki bar mini."

Muka bi ta Mahuta zuwa Koko. Hanyar ba sai na gaya muku ba, rami ya fi kwalta yawa, shinge kuma kamar an shuka. A wani shingen wani soja ya leƙo ya ga tsagen fuskata, sai ya gaishe ni da yarenmu. Na amsa, na tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ashe jikan wata da muka yi surfe tare ne a Dabai. Na ce ya yar da tabar da ke hannunsa kafin ya yi mini magana. Ya yar. Direba ya riƙa leƙena ta madubi har muka isa Koko.

Daga Koko muka canza mota, muka haye Kwara ta gadar Tuga. Na rufe idona har muka sauka, ba don tsoro ba, ruwan ne ya yi yawa. Muka wuce Kaoje muka isa Tsamiya, bakin iyaka. Ni da na zaci zan ga katanga da ƙofa, sai na ga igiya an ɗaure mata tsummoki, da 'yan rumfuna. Gero iri ɗaya ne a wannan gefe da wancan, awaki ma suna wucewa ba mai tambayarsu. A can gefen nasu na iyakar, wani ma'aikaci mai tumbi ya zo da wani ƙarfe mai tsini yana soka wa kaya. Kafin in buɗe baki ya soka wa buhun garina, gari ya fara tsiyaya a ƙasa. Maman Chidi ta fara ba shi haƙuri, kamar mu muka yi laifi. Na tsaya na dube shi, na dubi garin, na sake dubansa. Ya yi yarensu na Faransa, ban motsa ba. Daga ƙarshe shi da kansa ya tsuguna ya toshe ramin da yatsa har aka kawo leda.

"Mama, wannan idon naki ya fi fasfo," in ji Maman Chidi.

A Kandi muka kwana, a zango, gidan wata Hajiya Bazabarma da ke saukar da fatake mata. Tabarma mai tsabta, ruwan wanka a bokiti, ban da abin cewa. Amma a nan na fara ganin abubuwa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, kuma a hammata suke saƙale shi tsirara, ba leda ba takarda, su zo su miƙa wa baƙo. Na ce a yanke mini tsakiya, gefen da ya taɓa jiki a ba mai so. Tsofaffi sa'o'ina suna tuƙa babur, da ɗaurin ɗankwali da kwando a baya. Da rana ta take, kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, lafiyarsa ƙalau. A Zuru wanda ya kwanta da rana tsaka sai a je dubiya. Abin da na yaba shi ne cukunsu na Fulani, mai jan baya, da suke soyawa su jefa a miya. Wannan kam na ƙara.

Washegari muka shiga doguwar bas mai sanyi kamar cikin randa, da talabijin a gaba ana ta ihu. A Faraku aka tsaya cin abinci, sakwara da miyar gyaɗa. Na ga mata zaune da manyan tukwane da ƙoƙuna, warin ya daki hancina, na ce wa Maman Chidi, "Ashe har nan burkutu ya iso." Suna da wani suna da suke kiransa, amma ni 'yar mai dafawa ce kafin mu shiga coci, ba a ɓoye mini shi.

Kwatano kuwa babura ne. Masu acaɓa da rigunansu ruwan ɗorawa sun cika titi kamar fara, fetur a manyan kwalabe a bakin hanya, ƙasa duk yashi, iska da ɗanɗanon gishiri. Maman Chidi ta kai ni har ƙofar gidan da Ishaya ke haya, ta ƙwanƙwasa, ta ja baya da sauri. Ashe ta san abin da ke ciki, ba ta gaya mini ba.

Abin da na fara ji ba haushi ba ne. Wani gurnani ne daga ƙasa, kamar ana jan turmi a kan daɓe. Aka buɗe ƙofa, sai ga shi. Ku da kuka gan shi yanzu kun saba, amma ku tuna ni abin wuyan Duna ne a jakata. Baƙi wuluk, baki da ƙirji da ƙafafu ruwan ƙasa, da ɗigo biyu a saman ido, irin wanda maharbanmu ke kira mai ido huɗu. Bayansa ya kai mini tsakiyar cinya, in ya ɗaga kai yana shaƙar ƙuguna ba tare da ya yi miƙa ba. Kansa kamar ƙaramar tukunya, wuyan ya kusa kai kan kauri, ƙirji kamar na ɗan maraƙi, tafin ƙafa kamar dunƙulen hannuna. Ba kitse ba ne, nama ne a murɗe, in ya taka sai ka ga yana motsi a ƙarƙashin fata. Wutsiya an datse ta saura ɗan guntu. Mu kunne muke yanka wa kare, su wutsiya.

Na daɗe ina kallon karen, don ban so in kalli wanda ke riƙe da sarƙar. Da na ɗaga ido na ga ɗana. Ishayan da ya yi kokawa a dandali ya kayar da samarin unguwa uku, wuyansa ya zama kamar na kaza, wando an ƙara wa bel huda, ido ya faɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Tashi. Wannan ne lafiya lau ɗin?"

Da na huta na ciro abin wuyan, don dai ya ga wautar uwarsa. Ya karɓa ya juya shi, ya kaɗa ƙararrawar. "Na Duna ne," ya ce. Ya gwada a wuyan Gasto, ko rabi bai zagaya ba. Ya gwada a ƙafar gaba, nan ne ya yi daidai. Sai ya yi 'yar dariya, gajeriya, kamar ya manta yadda ake yi.

Na zauna na sa ido, aikin da na fi iyawa ke nan. Aikin mota ya ja baya tun da gwamnatinmu ta hana shigo da motoci ta ƙasa, sai ɗan abin da ya samu jefi-jefi. Da safe ya fita ya sayo shinkafa da kawunan kaji da ƙafafu, ya dafa a babbar tukunya, ya fifita, ya haɗa da wani abincin kare na buhu mai kama da kashin akuya, ya ajiye wa Gasto a kwanon silba. Shi kuma ya kaɗa baƙin shayi ya sha a tsaye. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da daddawar gida, ya yi loma biyu ya ce ya yi daɗi. Ina juya baya in ji laɓ, malmala ta wuce cikin kare. A gado ɗaya suke kwana, karen a gefen da Odet ke kwanciya. Na yi faɗa, na yi nasiha, na kira sunan ubansa. Amsarsa ɗaya ce: a asibiti Odet ta riƙe hannunsa ta ce ya kula da Gasto. Tun yana ɗan kwikwiyo take goya shi a zane kamar jariri. Ba motar da za ta ɗauki wannan zuwa Zuru, in ji shi, kuma ko ta ɗauka, me zai ci a can?

To, maganar likita gaskiya ce. Ranar allurar Gasto ta zo, na ce zan bi su. A ƙasa muka tafi, don ba mai acaɓan da zai tsaya mana, mutane na darewa kamar an zo da kura. Asibitin ya fi na garinmu tsabta. Likitan wani dogo ne mai gilashi, yana magana Ishaya na juya mini. Ya ce irin wannan kare rotwaila ake ce masa, asalinsu daga Jamus, da can shanu suke korawa, har amalanken mahauta suna ja. Namiji in ya cika yakan kai kilo hamsin zuwa sittin, macen ba ta kai haka ba, takan tsaya wajen arba'in. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya ɗara ƙafa biyu kaɗan. Na ce kilo hamsin ai buhun siminti ke nan, mun ɗauka a ka lokacin ginin coci. Karenmu na gida sai an haɗa uku kafin su kai haka.

Akwai sikeli a ƙasa, faffaɗan ƙarfe, da fuska kamar ta agogo a jikin bango. Gasto ya hau ya zauna kamar ya saba. Allurar sikelin ta zagaya ta tsaya. Ni ban san lamba ba, amma na matsa na ɗora farcen babban yatsana daidai inda ta tsaya. Likita ya ce hamsin da biyar, ya shafa kan Gasto yana yaba shi, wai an iya kiwo. Aka sauke kare. Ban ɗauke yatsana ba.

"Ishaya, hau."

"Mama, na dabbobi ne."

"Na ce hau."

Likitan yana dariya. Ishaya ya hau da takalminsa da komai. Allurar ta taso, ta yi rawa, ta tsaya ba ta iso farcena ba. Saura faɗin yatsa biyu. Likitan ya daina dariya, ya cire gilashi ya yi wa Ishaya magana a hankali, doguwa. Wannan karon Ishaya bai juya mini ba, ni ma ban nema ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Na gane faɗa ba zai taso da shi ba, kuma in na tafi na bar shi, zuwa na gaba gawa zan zo ɗauka. Sai surukata ta faɗo mini a rai, tsohuwa Dudu, Allah ya ji ƙanta. Ranar da aka kai ni gidansu Bawa karnuka biyar suka tare ni a ƙofa, na kwana ina kuka. Da safe ta kira ni bayan rumbu ta ba ni ɗumamen tuwo, ta ce in gutsura in tofa yawuna a ciki, in zauna a ƙasa, kada in kalle su a ido, in miƙa a tafin hannu ina kiran sunan kowane. Ta ce kullum ni zan fara ba su kafin kowa ya tashi, kada in bar ko mijina ya riga ni. Kafin wata ya mutu, in na tafi rafi sai Bawa ya rasa karen farauta, duk sun bi ni. Ya yi ta mita, tsohuwa na dariya.

Da muka isa gida na ce, "Daga yau ni ke dafa na Gasto. Zaman banza ya ishe ni." Ya ji daɗi, ya zaci na sauko. Ban sake yi masa maganar Zuru ba.

Da sassafe na zauna a kan yashin tsakar gida da tuwon dawa da romon kan kifi. Na yi yadda tsohuwa ta koya mini. Gasto ya zo ya tsaya a kaina, numfashinsa na dukan goshina. Ba zan ɓoye muku ba, bakin nan zai iya haɗiye hannuna har wuyan hannu. Ya shaƙa, ya waiwaya ya dubi ɗakin Ishaya, ya koma. Washegari ya lasa. Rana ta gaba ya ɗauka, a hankali, da leɓe, kamar mai karɓar jibin Ubangiji a coci. Na riƙa rage abincin buhu ina ƙara tuwo, don cikinsa ya saba da na gida. Ina yi masa magana da yarenmu, wanda ko jikokina ba sa amsa mini da shi yanzu. Ba a daɗe ba ya fara jirana a ƙofar banɗaki. In na zauna tsince wake ya zo ya aza kansa a kan ƙafata, nauyin kan kaɗai sai ƙafar ta mutu. Ban ture shi ba. Rabon da wani abu mai rai ya jingina da ni haka tun Bawa na nan.

Da garina ya kusa ƙarewa na ce wa Ishaya zan koma, amma ya kai ni in gaida Odet. Kaburburansu da tayil ake yi, da hoton mamaci a jiki, kamar ɗakin amarya. Na tuna na kakanninmu a kan dutse, da tukwanen yumɓu da ake ginawa a ɗora wa manya, na maharbi har da siffar dabba. Yawancinsu an kwashe yanzu. Ishaya ya tsaya daga nesa da kare. Na durƙusa na ce mata a hankali, "'Yata, kin ce ya kula da kare, ba ki ce ya bi ki ba. Zan tafi da su duka biyun. Ki yi haƙuri."

Maman Chidi ta samo mini mota, babbar gingimari ta wani Malam Garba, mutumin Yawuri, da ya kawo albasa zai koma ba kaya. Na gaya mata abin da nake shiryawa, ta dafa ƙirji ta ce, "Mama, ke ɓarauniyar kare ce!" Na ce ta rufe mini baki. Ishaya ya rako ni tasha da Gasto a sarƙa, ba jaka ba komai, silifas ne ma a ƙafarsa. Malam Garba na ganinsu ya haye kan taya.

"Subhanallahi! Inna, mi a wanga? Wanga ba kare na ba, kura ta!"

"Rakiya ya yi," na ce. "A sa mini katako, ba zan iya hawa ba."

Aka jingina katakon da 'yan dako ke bi da buhuna. Na hau a hankali, na shimfiɗa zanena a kan tsofaffin buhuna, na zauna. Gasto ya fara kuka ƙasa-ƙasa yana jan sarƙa. Ban ɗauko tuwo ba, ban nuna masa komai ba. Na dai kira sunansa sau ɗaya, na ce masa da yarenmu, zo. Fizga ɗaya ya yi, sarƙar ta kuɓuce daga hannun Ishaya, katakon ya lanƙwasa kamar zai karye, sai ga shi a gabana. Ya juya ya zauna a kan ƙafafuna.

Ishaya ya hawo. Ya kira shi da Faransanci, karen ya kaɗa guntun wutsiyarsa bai tashi ba. Ya ja sarƙa, ko gezau. Ya rungumi ƙirjinsa ta baya ya yunƙura zai ɗaga, jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙafafunsa na rawa, karen ya waiwayo ya lashe masa kunne. 'Yan dako suka fara dariya. Na dube su, suka tuna suna da aiki.

"Mama, ki ce masa ya sauka."

"Karenka ne. Sauke shi."

Ya sake gwadawa, har ya zame ya faɗi zaune yana haki.

"Ishaya," na ce, "kai ne ke ɗaga buhun dawa kai kaɗai ka aza wa jaki. Yau kare ya gagare ka. In ka faɗi a ɗakin nan, wa zai dafa masa? Haka Odet ta ce ka kula da shi?"

Ya sa kai cikin gwiwa. Malam Garba ya leƙo daga nesa, "Inna, mu tahi ko mu jira?" Ba ni zan faɗa ba. Na kawo shi har nan, amma sauran nasa ne, in ya ce a sauke kare ni da kaina zan kira shi ƙasa, in koma Zuru hannu biyu.

"Kayan Odet fa?" ya ce, bai ɗago ba.

"Maman Chidi ta yi magana da mai gida, za ta taho da su. Hotonta da katin shaidarka da na allurar Gasto suna cikin jakata."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Ya dubi karen. Sannan ya share fuska da gefen riga ya ce, "Direba, a janye katakon."

Dawowar ba daɗi. Warin albasa, rana, ga Gasto bai saba da mota ba, ya yi amai tun kafin mu bar gari. Irinsu ba sa jure zafi, sai na riƙa jiƙa buhu ina rufa masa. Malam Garba ya hana shi kusantar butarsa, amma a Kandi na kama shi yana jefa masa ƙashin tsire daga nesa yana cewa, "Karɓi, sarkin yaƙi." A iyaka mai tumbin nan ya zo da ƙarfensa ya ɗaga tamfol, suka yi ido huɗu da Gasto. Ishaya na miƙa masa katin allura, shi kuwa ya riga ya kai rumfa, daga can yake ɗaga hannu a wuce. A Koko Malam Garba ya sauke mu, direbobi suka yi ta gardama ko kujerar mutum ɗaya zai ci ko ta biyu, daga ƙarshe a bayan a-kori-kura muka ƙaraso, mu da buhunan gishiri.

Sauran kun gani da idonku. Yara sun bi mu tun daga tasha, karnukan unguwa na haushi daga bayan danga ba wanda ya matso. Baba Tanko, abokin farautar Bawa, ya zo da sandarsa ya zagaya Gasto, ya taɓa ƙirjin, ya ɗaga ƙafar ya duba. Ya ce, "Wannan ba zai kama zomo ba har abada. Amma in ya zauna a kan ɓarawo, sai dai a kira 'yan'uwansa."

Abin da ba ku gani ba shi ne na cikin gida. Dawowa Zuru bai sa Ishaya ya fara ci ba. Loma biyu, uku, ya ture kwano. Na dai ajiye fartanyar ubansa a inda zai yi tuntuɓe da ita. Da ruwa ya sauka ya fara fita gona, shi da karen, da farko ya dawo kafin hantsi, daga baya sai la'asar. Ran nan da yamma ina kankare ƙanzon tukunya a kwanon Gasto, kamar kullum, sai na ji mutum a ƙofar madafa. Ya cinye malmalarsa, kwanon na hannunsa, har ya sa yatsa ya sharce miyar.

"Mama, ƙanzon nan na wa ne?"

"Na Gasto."

"Ai ya ci da safe. Ki zuba mini."

Na zuba masa duka, na juya fuskata wajen murhu kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Gasto na zaune yana kallon kwanonsa ba komai, ya dube ni. Na ce masa da yarenmu ya yi haƙuri, gobe zan ƙara gari a tukunya.